LAFIYA UWAR JIKI: Gyaran Ido Da Hasken Leza, Kafin Aiki Da Bayansa

Ba baƙon labari ba ne a 'yan shekarun nan a ji mutum ya ce zai tafi Ikko, ko Alƙahira, ko ƙasar Indiya, domin a yi masa aikin ido da leza ya huta da tabarau. Waɗansu sun je sun dawo suna murna, sun ajiye tabaran da suka yi shekara ashirin suna rataye a karan hanci. Waɗansu kuwa sun dawo da idanu jajur, suna ƙaiƙayi da ruwa, ba su san wanda za su kai wa kuka ba, domin likitan da ya yi aikin yana can ƙetaren teku. Sau da yawa abin da ya raba waɗannan da waɗancan shi ne shirin da aka yi kafin aikin, da kuma jiyyar da ta biyo baya. A kan haka filin zai yi bayani a wannan mako.

Da farko ya kamata mai karatu ya sani cewa aikin leza a ido iri-iri ne. Akwai wanda ake yi wa masu ciwon sukari da masu amosanin jini, watau a ƙone jijiyoyin jinin da suka lalace a bangon bayan ido don kada gani ya tafi gaba ɗaya. Akwai wanda ake yi don rage hawan jinin ido. Akwai kuma wanda ake share dushin da kan taso bayan an cire yana. Duk waɗannan magani ne na cuta. Wanda ake magana a kansa yau daban yake: shi ne na gyara gani ga mutumin da idonsa lafiyayye ne, sai dai ba ya hango nesa, ko ba ya ganin kusa, ko abubuwa suna yi masa inuwa biyu sai ya sa tabarau. Wannan aiki ba ya cire yana, ba ya kuma warkar da hawan jinin ido. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa waɗannan cututtuka biyu su ne kan gaba wajen makantar da masu shekara 40 zuwa sama. Saboda haka dattijon da ganinsa ya fara dushewa, asibitin ido ya dace ya nufa a duba shi, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA da ke Kano, tun kafin ya fara tambayar kuɗin jirgi.

Yadda abin yake shi ne, a gaban baƙin ido akwai wata 'yar fata garai-garai kamar gilashi, wadda likitoci ke kira koniya. Kaurinta bai wuce rabin milimita da 'yan kai ba, amma ita ce ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske ya sauka daidai a bayan ido. Idan ta cika tudu, ko ta cika shafewa, ko ta karkace, sai hoto ya sauka ba bisa wurinsa ba. Aikin leza shi ne ya sassaƙe wannan fata ya sāke mata siffa, kamar yadda masassaƙi ke rage itace har akushi ya zauna daidai. Amma fa abin da aka sassaƙe ya tafi ke nan, ba ya tsirowa.

Dabarar ta girmi na'urar. Tun a shekarun 1960 wani likita ɗan ƙasar Sifen mai suna José Barraquer, wanda ke zaune a Bogota ta ƙasar Kolombiya, yake yanko koniya ya daskarar da ita, ya feƙe ta, ya mayar. A shekarun 1970 Svyatoslav Fyodorov na Tarayyar Sobiyet ya shahara da tsattsaga ta da wuƙa. Sa'an nan a farkon shekarun 1980 masu bincike na kamfanin IBM a Amurka suka gano cewa wani irin hasken leza yana iya kankare tsoka ba tare da ya ƙona gefenta ba. A 1988 Dokta Marguerite McDonald ta yi amfani da shi a idon mai gani a Amurka, aikin da ake kira PRK, kuma wajen 1990 Ioannis Pallikaris na ƙasar Girka ya fito da wanda ake kira LASIK. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da PRK a 1995, da LASIK a ƙarshen shekarun 1990, da wani sabo mai suna SMILE a 2016.

A PRK ana goge fatar sama ta koniya ne a haska leza kai tsaye, sa'an nan a bar fatar ta sāke tsirowa. A LASIK ana yanka ɗan marfi siriri, a ɗaga shi, a sassaƙe ƙarƙashinsa, a mayar da shi ba ɗinki. A SMILE kuwa leza ke yanka wani ɗan faifai a cikin koniya, likita ya zaro shi ta wata 'yar ƙofa.

To, ba kowa ne ya cancanci aikin ba, kuma nan ne ake gane likitan kirki. Ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba, ko wanda lambar tabaransa ta canja a cikin shekarar da ta wuce, domin idon da bai tsaya ba gyaransa ba zai tsaya ba. Ba a yi wa mai ciki ko mai shayarwa, saboda ganinta yakan ɗan sauya a wannan lokaci. Mai ciwon sukarin da bai daidaita ba, da mai cutar da ke hana rauni warkewa, da mai tsananin bushewar ido, duk akan dakatar da su. Mafi hatsari shi ne wanda koniyarsa ba ta da kauri, ko take tsinkewa tana yin tsini, domin in aka rage mata tsoka tana iya bulluƙowa, gani ya fi na dā lalacewa, har ya kai ga sai an yi dashen wata. Don haka gwajin da ake yi kafin aiki ya fi aikin kansa ɗaukar lokaci: za a auna kaurin koniya, a ɗauki taswirar samanta da na'ura, a auna hawaye da ƙarfin ruwan ido, a ɗiga maganin da ke buɗe ƙwayar ido a leƙa can baya. Duk wurin da aka karɓi kuɗin mutum aka sa masa rana alhali ba a yi waɗannan ba, gara ya ɗauki hularsa ya fita. Araha ba ta ado, balle a kan ido.

Mai sa ɗan gilashin nan da ake mannawa a kan ƙwayar ido sai ya cire shi tun da wuri ya koma tabarau, mako biyu in mai laushi ne, mako uku zuwa huɗu in mai tauri ne, domin yana danne koniya ya canja mata siffa, in aka auna a haka sai a sassaƙa bisa ma'aunin ƙarya. Wajibi ne kuma mutum ya gaya wa likita duk maganin da yake sha, har da na gargajiya, da kuma irin sana'arsa. Ɗan dambe, da ɗan kokawa, da soja, da duk wanda naushi ko duka ke iya samun fuskarsa, an fi ba su shawarar PRK, dalili kuwa marfin nan na LASIK ba ya komawa ƙarfinsa na asali, kuma mugun bugu yana iya gusar da shi ko bayan shekaru.

Ana gobe aiki sai a bar kwalli, da hoda, da man shafawa, da turare. Maganar kwalli a bayyane take, ɓurɓushinsa yana maƙalewa a gashin ido ya jawo ƙwayoyin cuta. Ta turare ce mutane kan ɗauka wasa, musamman waɗanda ba su iya fita ƙofar gida sai sun fesa, alhali kuwa tururinsa yana iya dagula hasken na'urar. A wanke fuska da sabulu, a ci abinci mara nauyi, a zo da wanda zai mai da mutum gida, domin ba zai iya tuƙi a ranar ba.

Aikin kansa ba ya kai rabin sa'a. Ba a sa mutum barci, magani ake ɗigawa ido ya mutu, a sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar ido don kada a ƙifta. A LASIK za a ji an danne idon, gani ya dushe ko ya ɗauke na 'yan daƙiƙoƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. Daga nan a ce mutum ya kafa ido a kan wata 'yar fitila, ya ji na'ura tana ƙas-ƙas, wani lokaci ya ji ƙauri kamar na gashin da ya ƙone. Hasken leza ba ya cika wuce minti ɗaya a kowane ido.

Jiyya ita ce babbar magana. Sa'o'in farko ido zai yi zafi da ƙaiƙayi da hawaye, kamar yashi ya shiga, kuma abin da hannu zai so yi shi ne ya murza. Murzar nan ita ce haramtacciya, domin marfin bai kama ba tukuna. Saboda haka ake ba da wata 'yar garkuwa a rufe ido da ita lokacin barci. Mai LASIK yakan wayi gari yana gani sarai, har ya ɗauka ya warke. Mai PRK kuwa zai sha zafi kwana uku zuwa biyar kafin fatar sama ta rufe, ganinsa kuma sai a hankali cikin makonni. Kowannensu dole ya koma wurin likita cikin kwana ɗaya ko biyu, sa'an nan ya riƙa komawa a kai a kai, domin gani ba ya gama zama sai bayan wata uku zuwa shida.

Za a ba shi magungunan ɗigawa iri uku: na kashe ƙwayoyin cuta, na hana kumburi, da na jiƙa ido mai kama da hawaye. A wanke hannu kafin a ɗiga, kada bakin kwalbar ya taɓa ido, a kuma bar minti biyar tsakanin wannan da wancan. Ruwan famfo ko na rijiya kada ya shiga ido a makon farko, saboda haka mai alwala da mai wanka sai su runtse ido, su wanke fuska a hankali ba watsawa. Kwalli sai bayan mako biyu, in likita ya yarda, kuma sabo, ba tsohon tandun da kowa ke tsoma tsinke a ciki ba. Wasan da ake haɗa jiki sai bayan wata guda. Iyo a rafi ko kududdufi ko tafkin otel sai bayan wata ɗaya zuwa biyu. Nonon mace, da ruwan albasa, da tsimin da maƙwabta kan kawo don tausayi, ko kusa kada su je wa idon.

Akwai abin da takardun da ake bai wa majiyyaci a ƙasashen waje ba su cika faɗa ba, watau yanayin ƙasar nan. LASIK yana yanke 'yan jijiyoyin da ke gaya wa ido ya yi hawaye, shi ya sa bushewar ido ta zama ƙorafin da ya fi yawa a watannin farko. Wanda aka yi wa aiki a watan Disamba ya sauka Kano ko Sakkwato cikin hunturu, iska busasshiya, hazo ya rufe gari, ya hau babur ba tabarau, ya haɗa wa idonsa wahala biyu. In da hali, a zaɓi lokacin da ƙura ta kwanta. In babu, a sa tabaran rana mai rufe gefe, a nisanci hayaƙin itace da iskar fanka mai dukan fuska, a yawaita ɗiga ruwan jiƙa ido. Direbobin dare su ma su yi hattara, domin a farko fitilun mota sukan yi sansani kamar wata, ko su tarwatse su kashe ido. Ga yawancin mutane wannan yana raguwa, amma akwai 'yan kaɗan da yake zame musu abokin zama.

Wanda ya yi niyyar fita waje, tun kafin ya sayi tikiti ya nemi likitan ido a gida wanda ya yarda zai ci gaba da dubansa, kada kuma ya taso sai an yi masa dubawar farko da ta mako guda. Idan zafi ya ƙaru maimakon ya ragu, ko gani ya koma baya, ko ido ya fara fid da ruwa mai kauri, a ranar za a tafi asibiti, ba a jira gari ya waye sau biyu.

Saura abu biyu da masu tallar aikin ba su son ambata. Na ɗaya, leza ba ta hana tsufa. Da an haura shekara arba'in, ƙwayar da ke cikin ido takan fara taurin da ke sa a nisanta takarda kafin a karanta, don haka wanda aka gyara wa hangen nesa yana da shekara 30 zai nemi tabaran karatu in lokacin ya zo, kamar kowa. Na biyu ya fi nauyi. Hawan jinin ido ya fi yawa kuma ya fi saurin ɓarna ga baƙar fata, ga shi maganin hana kumburin da ake ɗigawa bayan aiki yana ɗaga ƙarfin ruwan ido ga waɗansu mutane, shi ya sa ba a ƙara kwanakinsa ko a sayo wata kwalba a kemis ba da izinin likita ba. Har wa yau, koniyar da aka rage wa kauri takan sa na'urar awo ta nuna lamba ƙasa da ta gaskiya, sai a ce wa mutum lafiya lau alhali cutar tana ci. Saboda haka duk likitan idon da zai duba shi nan gaba, ko bayan shekara talatin ne, sai ya gaya masa cewa an taɓa yi masa aikin leza.

Ya kuma karɓi takardun awon da aka yi masa kafin aikin, da na adadin abin da aka sassaƙe, ya adana su tare da takardun gida da na gona. Ranar da yana ta zo, likitan da zai cire ta zai bukace su wajen lissafin ƙarfin gilashin da zai dasa a cikin idon.