Kayan Jitar Bas: Abin da Ya Kamata Makaɗi Ya Sani Kafin Ya Kwance Lalitarsa

Duk wanda ya saba zuwa wuraren da 'yan kiɗan zamani ke wasa, ko a gidan rawa ne, ko a wajen biki, ko a majami'a, zai lura cewa in kaya za su lalace a tsakiyar wasa, galibi na mai jitar bas ne ke farawa. Sai a ji amon nan mai kauri da ke riƙe da kiɗan ya soma kakari, can sai ƙauri ya tashi, daga nan sai shiru. Masu rawa ba su san abin da ya faru ba, sun dai ji ƙafafunsu sun yi nauyi. Shi kuwa shugaban ƙungiya ya sani sarai, domin amfilifayar bas da akwatin sifikarta suna cikin kaya mafi tsada da ya mallaka, kuma gyaransu kan cinye kuɗin wasa biyu ko uku.

Dalilin wannan yana cikin halittar sautin ne. Tsirkiya mafi kauri ta jitar bas mai tsirkiya huɗu tana karkaɗawa sau 41 a cikin daƙiƙa guda, alhali takwararta ta jitar da aka saba da ita tana yin sau 82. Kafin sifika ta fitar da wannan sauti na ƙasa da ƙarfi daidai da na ɗayan, tilas ta tura iska ninki huɗu. Bugu da ƙari, kunnen ɗan Adam ba ya kama sauti mai kauri da sauƙi kamar yadda yake kama siriri. Watau mai bas yana ɗaukar kaya biyu, na iska da na kunne. In jitarsa mai tsirkiya biyar ce, wadda ke sauka har zuwa karkaɗawa 31, to, nauyin ya daɗa ƙaruwa. Wannan ne ya sa wanda ya ari akwatin jita mai buɗaɗɗen baya ya haɗa bas a kai, ba zai daɗe bai yaga takardar sifikar ba.

Su kansu masu ƙera kayan sun daɗe suna fama da wannan matsala. Leo Fender na ƙasar Amurka ya fito da jitarsa ta bas mai suna Precision a 1951, ya bi ta da amfilifayar Bassman a 1952, mai sifika ɗaya ta inci 15, wadda ƙarfinta bai kai wat 30 ba. Da aka sake mata fasali aka sa mata sifika huɗu masu inci 10 da buɗaɗɗen baya, sai masu jita suka ƙwace ta daga hannun masu bas, har Jim Marshall na Ingila ya kwaikwayi tsarinta ya ƙera tasa amfilifayar jita ta farko a 1962. Kamfanin Ampeg ya fito da B-15 a 1960, wadda ta yi suna a ɗakunan ɗaukar faifai. A 1969 kuma mai bas ya sami wani abin da zai tsaya da shi a gaban dubban jama'a, sa'ad da kamfanin ya fito da SVT mai wat 300 da akwati mai sifika takwas, wadda ƙungiyar Rolling Stones ta zaga Amurka da ita a wannan shekara. Kan amfilifayar kaɗai ya kusa kilo 40, ban da akwatin, wanda tsawonsa ya sa makaɗa suke kiransa firiji. A yau kuwa akwai amfilifaya irin wadda ake kira aji D, mai wat 500, wadda nauyinta bai wuce kilo uku ba, mutum zai sa ta a jaka ya hau babur.

To, a wajen wat ɗin nan ne ake yi wa masu saye sakiyar da ba ruwa. Ɗan kasuwa zai nuna kwali an rubuta wat 2000 da manyan haruffa, a gefe kuma an sa PMPO da ƙanana. Wannan adadi ba ya nufin kome. Abin da za a nema shi ne adadin da aka rubuta RMS a kusa da shi, watau ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa a kai a kai ba tare da ta gaza ba. Sa'an nan a duba a kan om nawa aka auna shi, domin amfilifayar da aka ce tana da wat 500 a kan om 4, in aka haɗa ta da akwati guda mai om 8, abin da za ta bayar bai fi wajen wat 300 ba.

Akwai kuma wani lissafi da ke ba mutane mamaki. Wanda ya sayar da amfilifayarsa mai wat 200 ya ciko kuɗi ya sayi mai 400, yana zaton ƙara za ta ninka, zai koma gida da takaici, domin ɗan bambancin da zai ji kaɗan ne. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sau biyu, sai an ninka wat wajen sau goma. Hanya mafi araha ta samun ƙara ita ce a ƙara sifika. In aka kawo akwati na biyu irin na farko aka ɗora a kansa, an sami riba biyu: amfilifaya za ta saki ƙarfin da take ɓoyewa, kuma faɗin takardar da ke tura iska ya ninka. Ga mai gwaji a ɗaki, wat 30 zuwa 50 ya isa. Amma wanda zai tsaya kusa da mai ganga irin ta bature, ga kalangu ko gangunan Yarbawa a gefe, ga masu busa, bai kamata ya yi ƙasa da wat 300 ba, kuma gara ya sami rara ya rage da a ce yana matse na'ura har maƙura.

Batun om shi ne wurin da ya fi kamata makaɗi ya natsu, domin a nan ne kaya suka fi ƙonewa. Om ma'auni ne na yadda sifika ke tare wutar da amfilifaya ke turo mata. In adadin ya yi ƙasa, wuta mai yawa ke kwarara, na'ura ta yi zafi. A bayan kowace amfilifaya an rubuta mafi ƙarancin om da za ta iya jurewa, galibi 4, wasu ƙalilan 2. Abin da ke rikita mutane shi ne, haɗa akwati biyu ta ramukan baya yana rage adadin ne. Akwati biyu masu om 8 suna zama 4, wannan lafiya lau. Biyu masu om 4 suna zama 2. Mai 8 da mai 4 suna zama wajen 2.7. Saboda haka wanda ke da akwati mai om 4 da amfilifayar da iyakarta 4, ya riga ya cika mudunsa, kome ƙanƙantar akwatin da zai ƙara zai jawo masa hasara. Sau da yawa a wurin biki ne ake yin wannan ɓarna, sa'ad da mai gayya ya ce mutanen baya ba sa ji, wani yaro mai karambani ya jawo sifikar aro ya jona. Shi ya sa mai niyyar faɗaɗa kayansa nan gaba ya fi kyau ya fara da akwati mai om 8.

Amfilifaya mai bawul, irin su SVT ta asali, tana da nata sharaɗi dabam. Ba a kunna ta a kaɗa ba tare da sifika a jone ba, in aka yi haka taransifomarta ce za ta ƙone, kuma samun madadinta a ƙasar nan sai an yi oda. Haka nan tilas om ɗin akwati ya dace da ramin da aka sa shi. Muryarta dai babu kamarta, amma ga ƙungiyar da ke yawo a kan hanyoyi masu gargada, a bayan akori-kura, kwalaben gilashi masu zafi ba abokan tafiya ba ne.

Game da girman sifika, an daɗe ana cewa mai inci 15 ta fi zurfin murya, mai inci 10 ta fi kaifi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma girman akwatin da yadda aka yanka ramin numfashinsa sun fi girman sifikar tasiri. In aka bi lissafin faɗi ma, huɗu masu inci 10 sun fi ɗaya mai inci 15 tura iska nesa ba kusa ba, har sun ɗara mai inci 18. Wannan ya kawo maganar wani haɗi da makaɗa ke so ƙwarai saboda kyan gani, watau a ɗora akwati mai sifika huɗu a kan mai babbar sifika ɗaya. In duka biyun om 8 ne, wuta tana rabuwa biyu daidai: babbar ita kaɗai ta sha rabi, ƙananan huɗu su raba sauran. Ita za ta fara galabaita, kuma ƙarar na saman ba za ta bari makaɗi ya ji kukanta ba sai ta mutu. Akwati biyu iri ɗaya sun fi wannan aminci.

Mafi yawan makaɗa kayan kwance suke saye, ko a kasuwar Alaba ta Ikko ko a shagunan Sabon Gari, kuma babu laifi a cikin haka in an san abin dubawa. A fara da takardar da ke bayan na'ura kusa da wayar wuta. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Kayan da suka fito daga Ingila da sauran ƙasashen Turai sun dace, amma na Amurka sai in suna da makunnin sauyawa, ko kuwa a nemi taransifomar rage wuta wadda ta fi ƙarfin na'urar. Daga nan a koma kan akwati. A cire ragar gaba, a buɗe yatsu a danna takardar sifika a hankali daga kowane gefe daidai. In aka ji tana gurzar wani abu a ciki, kwayil ya taɓa ƙonewa ko ya karkace. A ɗauko ɗan batir mai bolt 9 a taɓa wayoyin akwatin da shi na ɗan lokaci: dukkan sifikun su motsa gefe guda a tare. In ɗaya ta shige sauran suka fito, wani ya taɓa kwance ta ya juya wayoyi, kuma za ta riƙa cinye amon 'yan'uwanta. Mai mita ya auna: akwati mai om 8 yakan nuna tsakanin 5 da 7, mai om 4 kuma wajen 3, wannan daidai ne. Sifikar da aka sake wa naɗin kwayil a kasuwa takan yi aiki, kuma akwai masu gyara da hannunsu ke da kyau, sai dai ba lalle ne om ɗinta ya koma yadda yake ba, don haka kada a biya mata kuɗin wadda ba a taɓa ba. Katako ma abin dubawa ne. Akwatin da aka yi da garin katako matsattse yana kumbura a damshin Ikko da Fatakwal, ya soma ruɓewa daga ƙasa.

Wayar da ke tsakanin amfilifaya da akwati ba irin wayar jita ba ce, ko da yake kawunansu kan yi kama. Ta jita siririya ce a ciki, an yi ta domin ɗan sigina mara ƙarfi. In aka tura mata wat 300 sai ta yi zafi, ta narke, ta haɗe, ta tafi da amfilifayar.

Bayan saye sai amfani. Kusan kowane sabon makaɗi yakan murɗa maɓallin kauri zuwa ƙarshe, ya rage na tsakiya, domin a ɗaki shi kaɗai hakan ya fi daɗin ji. Da zarar sauran 'yan ƙungiya sun shigo sai ya ɓace, ya rasa kansa, ya ƙara murɗa ƙara. Alhali sautin tsakiya ne ke sa a bambance wannan murya da waccan a cikin hayaniyar ganguna, kuma ɗan ƙarin da aka yi wa kauri yana iya neman wat ninki huɗu. Kamata ya yi a fara da dukkan maɓallai a tsaka, a rage abin da ya yi yawa kafin a ƙara abin da ya gaza. In sifika ta soma wani irin ɓarɓarniya a kan tsirkiya mai kauri, gargaɗi ne take yi, kuma ba ta yinsa sau da yawa.

Wurin ajiye akwati shi ma yana da nasa hukunci. Jikin bango yana ƙara kauri, kusurwa ta fi, dandamalin katako mai rami a ƙasa kuma yakan mai da kiɗan gurnani. A fili kuwa, inda ake yawancin bukukuwa, babu bangon da zai taimaka, kayan da suka cika zaure sai su zama kamar ba a kunna ba. A irin wannan wuri hikima ita ce a ja waya daga ramin da aka rubuta DI zuwa manyan lasifikokin taro, a bar akwatin bas ya zama na jin makaɗi da mai ganga kawai. A tuna kuma cewa tsawon igiyar sautin nan na ƙasa ya kai mita takwas, ga shi akwatin yana hura gwiwoyin makaɗi ne, kunnensa na sama. Sau da yawa shi yana kukan bai ji ba, mutanen da ke tsakiyar zaure kuwa ƙirjinsu na girgiza. Ɗaga akwatin ko karkata shi sama ya fi ƙara wuta amfani.

Saura batun janareta da ƙura. A tada inji ya daidaita tukuna, a kunna sauran kaya, amfilifaya ta zo a ƙarshe, in an tashi kashewa kuma ita ce ta farko. Kada a bari tana kunne lokacin da ake sauya wuta daga ta gwamnati zuwa ta inji, kada kuma a haɗa ta layi ɗaya da firijin sanyaya lemo. A lokacin hunturu ƙura takan toshe fankar da ke sanyaya ta, a riƙa hure ta, a rufe ta da zane in an gama, amma ban da lokacin da take aiki.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, ta karya ƙafa ta uku ta fulogi, ko a zare wayoyi biyu tsirara a cusa a soket da tsinken ashana. Wannan ƙafa ta uku ita ce ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa. In babu ita, tsirkiyoyin jita suna haɗe da jikin amfilifaya, hannun makaɗi kuma yana kansu, ga gumi. A watan Mayu na 1972, Leslie Harvey, mai jitar ƙungiyar Stone the Crows, ya taɓa makirufon da ba a haɗa shi da ƙasa ba a kan dandamali a garin Swansea na Birtaniya, wuta ta kashe shi a gaban 'yan kallo yana da shekara 27. Duk makaɗin da ya ji leɓensa na tsirawa in ya kusanci makirufo alhali hannunsa na kan jita, ya ajiye jitar, a kira mai gyaran wuta kafin a ci gaba da wasa.