Rarar Wayoyi a Cikin Kwamfuta: Ƙaramin Abu Mai Babbar Ɓarna

A Abakpa da maƙwabtanta irin su Unguwar Shanu, shagunan buga takardu da cike fom ta intanet sun zama abin dogaron iyalai da dama. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a shekarar 2015, buƙatar kwamfutar tebur ta ƙaru, matasa kuma suka koyi harhaɗa ta da hannunsu. Ina jinjina wa wannan himma. Sai dai akwai wani lungu na aikin da ake yi wa riƙon sakainar kashi, wato rarar wayoyin da ke fitowa daga akwatin rarraba wuta, wanda masu gyara ke kira fawa fak.

Aikin wannan akwati shi ne ya karɓi wutar gida mai ƙarfin bolt 230, ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3, ya raba wa sassan kwamfuta. Bisa tsarin ATX, wanda kamfanin Intel ya fito da shi a 1995, akwatin na zuwa da damin wayoyi: mai fil 24 domin babban allo, mai fil 4 ko 8 domin firosesa, mai 6 ko 8 domin katin hoto, sannan na SATA da na Molex domin ma'ajiyar bayanai da fanka. Kwamfutar shago da wuya ta buƙaci dukkansu. Sauran sai a dunƙule a cusa, a rufe murfi.

A ƙasa mai sanyi, wataƙila illar hakan ba ta wuce muni ba. A Kaduna lamarin ya sha bamban. Ƙurar hunturu tana samun masauki a kan kowace waya da ke lilo, ta taru ta toshe hanyar iska. Da zafin Maris da Afrilu ya kankama, sai firosesa ta rage gudu domin kare kanta, ko kwamfutar ta mutu ana tsakiyar aiki. Wayar da ta faɗa cikin fanka tana iya tsayar da ita, bakin waya kuma idan ya gogi ƙarfe yana iya haɗa wuta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maganin ba shi da tsada. A zare filogi daga bango kafin a taɓa komai. A ware wayoyin da ba a buƙata, a naɗe su ba tare da lanƙwasa mai tsanani ba, a ɗaure da maɗaurin roba, a kwantar da su a bayan farantin da babban allo ke kai, ko a gurbin faifai da babu kowa. Kada a yanke su: guntun waya tsirara ya fi doguwarta haɗari, gobe kuma ana iya buƙatar ƙara ma'ajiya. Kada kuma a buɗe cikin fawa fak, domin yana riƙe ragowar wuta ko bayan an kashe.

Akwai nau'in da ake iya cire wayoyinsa, a bar waɗanda ake so kawai. Shi ma da tarkonsa, domin jerin fil a ɓangaren akwatin ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni. Wayar wani tana iya shiga bakin wani daram, amma ta kai bolt 12 inda ake jiran 5, ta ƙone ma'ajiya da duk abin da ke cikinta: kundin ɗalibi ko lissafin ɗan kasuwa. Don haka a adana rarar kowane akwati a jakarsa, a rubuta sunansa a jiki.

A ganina, wannan batu ne na tarbiyyar sana'a. Ya kamata iyayen gida a shaguna da malaman makarantun fasaha su riƙa auna almajiri da tsabtar cikin akwati, ba da kunnawar allo kaɗai ba. Kai kuma mai saye, kafin ka biya, ka nemi a buɗe maka murfin gefe. Wanda ya tsara abin da ido ba ya gani, shi ya cancanci ka damƙa masa jarinka.