Sharhi: Wa ke da iko da wasan da ka saya? Rikicin Skyrim, Fallout da masu kwaskwarima

A watan Afrilun 2024, lokacin da shirin talabijin na Fallout ke tashe a Prime Video, kamfanin Bethesda na Amurka ya sanar cewa ranar 25 ga watan zai sabunta Fallout 4, wasan kwamfutar da ya fitar tun 2015. Wannan sanarwa ta zame wa wata ƙungiyar 'yan sa-kai mai suna Team FOLON ƙarfen ƙafa. Sun shafe shekaru suna gina Fallout: London, sabon labari sukutum da sabon birni a kan ƙashin bayan tsohon wasan, kuma sun tsayar da 23 ga Afrilu ranar fitar da shi. Dole suka ɗage, domin sun san sabuntawar za ta rushe harsashin da suka yi gini a kai. Sai 25 ga Yuli aikin ya fito ta kantin GOG, kuma duk wanda ya sayi Fallout 4 a Steam sai da ya mayar da wasansa tsohon zubi kafin ya iya buga shi.

Abin da 'yan wasa ke kira mod, kwaskwarima ce da masu sha'awa ke yi wa wasa bayan kamfani ya sayar da shi: wani ya gyara kurakuran da kamfanin ya bari, wani ya ƙawata hotuna, wani ya fassara, wani kuma ya ƙara garuruwa da labarai. Tambayar da sabon shiga kan fara yi ita ce wane bugu na wasan zai saya, a wane kanti, da wace manhaja zai girka kwaskwarimar. A ido tambaya ce ta fasaha. Amma amsarta ta dogara ne kan wanda ke riƙe da ikon canza wasan bayan an biya kuɗinsa, kuma a mafi yawan kantuna wannan iko ba ya hannun mai saye.

Skyrim ne ya fi fito da matsalar fili. Bugun farko ya fito ranar 11 ga Nuwamban 2011. A Oktoban 2016 aka fitar da Special Edition, wanda aka sake gina injinsa yadda zai iya ɗaukar kaya masu nauyi ba tare da yawan tsayawa ba, shi ya sa akasarin masu kwaskwarima suka koma kansa. Sai kuma Anniversary Edition ranar 11 ga Nuwamban 2021, wanda sunansa ke ruɗa mutane har yau. Ba sabon wasa ba ne. Tarin ƙarin kaya ne na kuɗi da ake ɗorawa kan Special Edition. Abin da ya tayar da ƙura shi ne sabuntawar kyauta da ta zo tare da shi, wadda ta ɗaga lambar wasan daga 1.5.97 zuwa jerin 1.6, ta kuma sauka a kwamfutar masu Steam, ko sun sayi ƙarin kayan ko ba su saya ba.

Dalilin ɓarnar yana cikin yadda manyan kwaskwarima ke aiki. Da yawa daga cikinsu sun jingina da wata manhaja ta 'yan sa-kai, SKSE, wadda ke kutsawa cikin babban fayil ɗin wasan ta nemi umarni a takamaiman adireshi. Da zarar kamfani ya sake tsara fayil ɗin, adireshin sun sauya, sai SKSE da duk abin da ke rataye da ita su daina aiki har sai masu su sun bi sun gyara ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya rubuta wata kwaskwarima shekaru biyar da suka wuce ƙila ya kama wata sana'a, ba zai dawo ba. Saboda haka har yanzu akwai 'yan wasan da suka kafe a kan 1.5.97, suna amfani da manhajar mayar da wasa baya domin su tsare abin da suka tara.

Nan ne zaɓen kanti ya zama babban al'amari. Steam, na kamfanin Valve, ya fi kowane yawan jama'a, kuma kusan duk jagororin girke-girke da shi aka rubuta su. Sai dai idan sabuntawa ta fito, ba ya barin a buɗe wasan ta cikinsa sai an karɓe ta. Dabarar da 'yan wasa ke yi ita ce su saita shi kada ya sabunta sai an buɗe wasan, sannan su riƙa buɗewa ta SKSE. GOG, wanda ya samo asali a Poland, yana sayar da wasanni babu makullin hana kwafi, yana kuma ba mutum fayil ɗin girkawa ya ajiye a faifansa. Skyrim ya isa can a Satumban 2022. Aibinsa shi ne wasu kwaskwarimar na buƙatar zubi na musamman domin bugun GOG, kuma ba kowace ke da shi ba. Bugun da ke cikin Game Pass na Microsoft kuwa, masu SKSE sun daɗe da bayyana cewa ba sa tallafa masa. Abin lura, Microsoft ɗin ne ya mallaki Bethesda tun Maris ɗin 2021, bayan cinikin dala biliyan 7.5.

Manhajojin girkawa biyu ne suka mamaye fagen. Vortex ta dandalin Nexus Mods ce, tana da sauƙi ga sabon shiga, tana kuma jona fayiloli kai tsaye cikin ma'ajin wasan. Mod Organizer 2 ta 'yan sa-kai ce, ba ta taɓa ainihin ma'ajin. Tana nuna wa wasan wani tsari na wucin gadi ne a lokacin da yake gudana, da an rufe komai ya koma yadda yake. A ganina, wanda zai girka kwaskwarima goma ko ashirin Vortex ta ishe shi, wanda kuma zai tara ɗaruruwa gara ya sha wahalar koyon Mod Organizer 2 tun farko. Amma ko wacce aka ɗauka, ba ta da maganin sabuntawar da aka tilasta, sai idan mutum ya kwafi wasan ya ɓoye shi inda Steam ba ya gani.

Masu kare kamfanoni suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Kamfani ba zai daina gyara hajarsa don wasu sun yi gini a kanta ba tare da yarjejeniya ba, kuma Bethesda na cikin 'yan kaɗan da ke raba wa jama'a kayan aikin kwaskwarima kyauta. Sai dai gumin waɗannan 'yan sa-kai ne ke sa ana ci gaba da sayen wasan da ya haura shekara goma, kuma kamfanin ya san haka. A Afrilun 2015 shi da Valve sun gwada sayar da kwaskwarima a Steam, inda mai aikin zai samu kashi 25 cikin ɗari kacal. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa aka janye tsarin cikin 'yan kwanaki. Ya dawo da Creation Club a 2017, sannan Creations a Disamban 2023, wanda shi ma sabuntawarsa ta sake karya SKSE. Wato wani ɓangare na rushe aikin kyauta ya faru ne a hanyar gina kantin sayar da irinsa.

Batun ya riga ya shiga majalisu. Bayan Ubisoft ya kashe na'urorin da ke riƙe da The Crew a ƙarshen Maris ɗin 2024, wasan ya daina aiki ga duk wanda ya saya, Ross Scott ya ƙaddamar da gangamin Stop Killing Games, kuma takardar koken da ta fito daga gare shi a Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a Yulin 2025. A California, dokar AB 2426 da ta fara aiki a Janairun 2025 ta hana kantunan intanet amfani da kalmar saye ba tare da sun fayyace cewa lasisi ake bayarwa ba. Tun Oktoban 2024 Steam ya fara rubuta hakan a shafin biyan kuɗi. Dokar ta tilasta faɗin gaskiya ne kawai, ba ta ba mai saye ikon ƙin sabuntawa ba.

Ga matashin da ke wasa a Kano ko Zinder, lamarin ya fi tsada. Kowace sabuntawar dole, da sake sauke abin da ta lalata, data ce da ake biya daga aljihu, musamman bayan hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin sadarwa a Najeriya a Janairun 2025. Fayil ɗin da aka sauke sau ɗaya aka ajiye ya fi daraja a nan fiye da a Berlin. Hukumar FCCPC, wadda ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a Yulin 2024, ta nuna za ta iya tunkarar manyan kamfanonin fasaha. Abin da ya rage shi ne ko za ta ɗauki kayan intanet da ake sayarwa da sunan mallaka, alhali haya ce, a matsayin batun kare haƙƙin masu saye ƙarƙashin dokarta ta 2018.