Namun Dajin da Ke Cikin Gari

Tun da aka hana hawa babur a Maiduguri a shekarar 2011, keke ya dawo da martabarsa. Mai keke kuwa yana ganin abin da na cikin mota ba ya gani. Wanda ya taso daga Bulumkutu da sassafe, ya bi inuwar darbejiya zuwa cikin gari, zai ci karo da balbela tana kiwo a bakin kwata, ga ƙadangare na jinjina kai a kan katanga, wani lokaci har bushiya ta dunƙule a gefen titi. In ya ga shamuwa a sama, ya san damina ta ƙarato.

Sai dai ba duk haɗuwa ce mai daɗi ba. Ranar 10 ga Satumba 2024, da madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye gidan namun daji na Sanda Kyarimi. Hukumar gidan ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin sun mutu, ta kuma yi gargaɗin cewa kadoji da macizai sun bi ruwa zuwa unguwanni. Mutane sun ga jimina tana ratsa titi kamar mai neman hanyar gida.

A ganinmu, gyaran keji kaɗai bai wadatar ba. Ya kamata ma'aikatar muhalli ta jihar Borno ta ba da lambar wayar da mutum zai kira in ya ga guza ko maciji a ƙofar gidansa, don a yanzu sanda da dutse ake fara ɗauka. A kuma sa ido kan masu sare darbejiya don itacen girki, domin a rassanta tsuntsaye irin su balbela ke kwana.