Kafin Ku Zagi Mai Shafe-shafe

Duk lokacin da aka tayar da zancen man canza launin fata, yarinya ake ɗora wa laifi. A ce ta raina halittar Allah, a ce ba ta da godiya, a rufe da nasihar ta karɓi kanta yadda take. Nasihar ba ta da aibi. Amma daga bakin wa take fitowa? Daga bakin saurayin da ke cewa shi dai fara ko mayya ce. Daga bakin uwar miji wadda tambayarta ta farko ita ce "fara ce?", tun ba ta ji ƴar gidan wa ba ce. Daga bakin gwaggon da ke leƙa kunnen jaririya ranar suna, ta girgiza kai ta ce "wannan za ta yi duhu", kamar mai jaje.

Yarinyar da ta tashi tana jin wannan a Maraɗi ko Damagaram ba wauta ce ta kai ta wurin mai haɗin mai ba. Lissafi ta yi, kuma mu muka koya mata shi.

Abin da ba a faɗa mata shi ne abin da ke cikin kwalbar. Haidirokinon yana hana fata yin melanin, wato sinadarin da ke ba ta duhu, wanda kuma shi ne garkuwarta daga rana. A ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, wannan cire rufin ɗaki ne da bazara. In aka daɗe ana shafa shi sai kumatu su ƙone, su yi baƙin tabon da ya fi launin da aka gudu, kuma da wuya ya fita. Mayukan kotizon masu ƙarfi, waɗanda magani ne na likita amma ake sayar da su kamar basilin, suna sirantar da fata, su jawo nankarwa da ƙuraje, su iya kai mutum ga hawan jini da ciwon sukari. Fatar da ta sirance ba ta saurin haɗewa bayan ɗinki. Ku tuna da mai haihuwa ta tiyata. Zaibar da ake zubawa a wasu sabulai kuwa ƙoda take ci, tana kuma kaiwa ga ɗan da ke ciki.

Za a ce gwamnati ta hana. Kodibuwa ta haramta waɗannan mayuka a 2015, wasu ƙasashe sun bi sahu, amma har gobe ana samun su a kasuwa. Doka tana iya kama kwali a kan iyaka, ba ta shiga zauren da ake zaɓen amarya.

Ni abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙarshen labarin. Mijin da aka yi farin domin shi, shi ne na farko da zai yi tsaki idan gaɓoɓin yatsu suka yi baƙi, fuska ta yi kala biyu. Sai ya je majalisa yana dariyar "masu bilicin", hoton da ke kan wayarsa kuma shi ma an wanke shi da filta har tsagen gadonsa ya ɓace. A lefen ta biyun da yake haɗawa, an riga an ware kuɗin gyaran jiki.