ZAUREN MALAM: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki a Wurin Tsaga Katako

 

Kukan da kafintocinmu na Zongon Parakou da na Djougou suke yi mana a 'yan kwanakin nan iri ɗaya ne. Sai mutum ya sayi katako, ya aza shi a kan benci, ya tarar bayansa ya yi tudu da kwari kamar hanyar da ruwa ya ci. Kafin ya goge shi ya daidaita, katakon da aka sayar masa a kan milimita 25 ya koma 19 ko 20. Mu malaman makaranta abin ya shafe mu, domin da wannan katako ake yi wa yaranmu tebur da benci, kuma mun san yadda siririn benci yake ƙarewa idan yara huɗu suka hau shi.

Da yawan wannan katako daga ƙananan injinan nan yake fitowa, masu zarto kamar ɗamara, waɗanda ake iya ɗauka a kai su inda gungumen yake. Ruwan zarton, wanda samarinmu ke kira lam, ƙarfe ne siriri da aka haɗa bakinsa da walda, yana zagaya wili biyu. Wani kamfanin Amurka mai suna Wood-Mizer ne ya yaɗa irinsu tun daga 1982, yanzu kuwa ana ƙera su a ƙasashe da dama.

Ba mu ƙi injin ba, muna ma murna da shi. Dokar gandun daji mai lamba 93-009 ta ranar 2 ga Yuli 1993 ta hana tsaga katako da injin sarƙa, kuma ko ɗan aji shida zai gane dalili. Sarƙa tana cin wajen milimita 9 a kowane yanka ta mai da shi gari, lam kuwa 2 da rabi take ci. A gungume mai kaurin santimita 30 bayan an daidaita gefensa, sarƙa za ta ba ka katako 9, lam ta ba ka 11. Wanda ya san yadda kawo da maɗaci suka ja baya a dazukan Ouémé ta sama da Wari-Maro da wajen Bassila, da yadda aka yi wa maɗobiya wawaso har aka sa ta cikin yarjejeniyar CITES a 2016, ya san katako biyu a kowane gungume ba abin wasa ba ne. Amma in yankan ya karkace, wannan riba duk a ƙarƙashin bencin kafinta take zubewa.

To, me mai inji yake yi in ya ga yanka ya fara lanƙwasa? Sai ya kama hannun ɗauri ya ƙara murɗawa. Ya sake gani, ya sake murɗawa. In lam ta tsinke ya ce 'yan kasuwa sun kawo jabu. Wannan shi ne a bar jaki a doki taiki.

Gaskiya ne lam mai sako-sako tana yawo cikin icce, tana kaɗawa, wani lokaci ta sauka daga wili. Amma sau da yawa ba ɗaurin ne ya gaza ba, haƙoran ne suka dakushe. Bawon iccenmu cike yake da yashi da ƙurar hunturu da gawayin gobarar daji, kuma an ja gungumen a ƙasa kafin ya iso. Iccen tik shi kansa yana da wani sinadari irin na yashi a jikinsa mai cin haƙori. Haƙori in ya mutu ba ya yanka, turawa yake yi, sai ya bi wurin da ya fi taushi, ya kauce wa gaɓa. Haka kuma in karkatar haƙoran ta fi yawa a gefe guda, lam za ta riƙa nutsewa ko hawa, ko da an ɗame ta kamar tsirkiyar baka. Masu ƙera injinan suna cewa a sauke lam bayan wajen awa biyu na yanka, a wasa ta, a bar ta ta huta. A nan kuwa wasu tun safe har la'asar lam ɗaya ce a kan inji. Saboda haka kafin a taɓa ɗauri, a sa sabuwar lam a gwada. In yankan ya miƙe, magana ta ƙare.

In bai miƙe ba, a kashe inji a duba bel ɗin da ke kan wili. In ya cinye, ko garin katako ya cushe a ƙarƙashinsa, lam ba za ta zauna daidai ba. A girgiza wili da hannu a ji ko boris ya yi wasa. A duba ƙananan tayoyin da ke riƙe lam a gefen gungume, su ma suna cinyewa. A kankare ƙaron da ya manne a jikin lam. Sai an gama da waɗannan za a zo kan ɗauri.

A nan za mu ɗan tsaya, don lissafin yana da daɗi, kuma malami ba ya ganin allo ya wuce. Ɗaurin da ake so a irin wannan lam ba ya miƙa ƙarfen da yawa. A tsawon santimita 15, kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne kawai. Lam mai tsawon mita 4, wadda ita ce aka fi gani, gaba ɗayanta ba ta ƙaruwa fiye da wajen milimita 3. To, ƙarfe yana miƙewa da zafi. In lam ɗin nan ta ƙara zafi da digiri 30 cikin aiki, za ta ƙaru da kusan milimita ɗaya da rabi. Ke nan a injin da ba shi da sifirin mai kyau da zai bi ta, rabin ɗaurin ya tafi ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Shi ya sa wanda ya ɗame lam da sanyin safiyar hunturu yake ganin ta saki bayan katako uku ko huɗu. Maganinsa a tsaya a mai da ɗaurin inda yake, kuma a bar ruwa mai ɗan sabulu yana ɗiga a kan lam don ta yi sanyi.

Juyin wannan lissafi shi ne ya fi cin kuɗi. An ƙara ɗauri da rana lam tana da zafi, an tashi da magariba an bar ta haka. Dare ya yi, ƙarfe ya huce ya tsuke, ɗauri ya wuce kima, ya kwana yana danne bel da boris. Bayan 'yan kwanaki sai ƙananan tsaga su bayyana a kwarin da ke tsakanin haƙora, daga nan sai tsinkewa. Sassauta lam in an tashi aiki ba ya cin minti ɗaya.

Yaya za a san an kai awo? Wanda injinsa ke da agogon awo ya bi lambar da ke cikin littafin injin. Littafin ya kan zo da Faransanci ko Ingilishi, kuma babu kunya a kawo wa malamin unguwa ya karanta, aikinmu ke nan. Sai dai a lura, in allurar agogon tana sauka ita kaɗai alhali lam ba ta yi zafi ba, mai ne yake yoyo, ko sifirin ya gaji. Wanda ba shi da agogo ya ari ma'aunin nan na makanikai mai baki biyu, wanda ake kira pied à coulisse. A sassauta lam, a buɗe ma'aunin santimita 15, a maƙale bakinsa biyu a jikin lam, a ɗame a hankali har ya nuna ƙarin kashi ɗaya cikin goma na milimita. A yi alama da fenti a wurin, an huta da kintace. Akwai kuma dabarar ido: a janye tayoyin riƙo, a rufe murafu, a tada inji, a sassauta kaɗan-kaɗan har lam ta fara rawa, sannan a ɗame har rawar ta tsaya, a ƙara ɗan kaɗan. Wannan ta ƙwararru ce, ba mu ba sabon shiga shawararta ba.

Abu ɗaya ne ba za mu yi masa sassauci ba. Muna ganin injinan da aka cire wa murafun wili, wai don a yi saurin canja lam, ga yara 'yan koyo tsaye daidai bakin da garin katako ke fita, suna jiran ɗaukar katako. Lam in ta tsinke bulala ce mai haƙora, kuma ta wannan baki take fitowa. Wasu daga cikin yaran nan ɗalibanmu ne da ke neman na littafi a lokacin hutu. Iyayen da suka kai ɗansu irin wannan wuri su je da ƙafarsu su ga inda yake tsayawa, su tambayi maigidansa ina murafun suke.

Kafintoci kuma ku riƙa zuwa sayen katako da ma'auninku da igiya. Ku miƙa igiyar a bayan katako tun a gaban mai shi, ku auna kauri a kai da tsakiya da gindi, sannan a yi ciniki.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.