Martani Ga Mai Sukar Buɗaɗɗiyar Manhaja A Makarantun Miga

Tun da muka ba malaman kwamfuta na Miga da Jahun shawarar a ɗora Linux da LibreOffice a kan tsofaffin kwamfutocin da ke jibge a makarantu, wani Alhaji mai sayar da kwamfuta a Dutse yake ta jifanmu da zarge-zarge. Babba ne, kuma ina ganin girmansa, amma maganar da aka yi a bainar jama'a, a nan ya dace a amsa ta.

Zarginsa na farko shi ne araha ba ta ado, abin da aka ba ka kyauta ba ya da inganci. Alhaji, Allah ya ƙara girma, wayar da ke aljihunka, in Tecno ce ko Infinix ko Samsung, Android ce ke tafiyar da ita. Ita kuwa a kan Linux aka gina ta, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Tun 2017, kwamfutoci 500 mafiya sauri a duniya dukkansu da Linux suke aiki. Ba sai mun je nesa ba ma. Alƙaluman rigakafi da awon ciki da asibitocin ƙananan hukumomi ke tarawa duk wata, a cikin DHIS2 ake zuba su har su isa Dutse da Abuja, kuma buɗaɗɗiyar manhaja ce da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke kula da ita. Lafiyar 'ya'yanmu an daɗe ana lissafa ta da abin da ka raina.

Na biyu, ya ce tunda kowa na iya karanta asalin rubutun buɗaɗɗiyar manhaja, ɓarayin intanet za su shiga yadda suka ga dama. Ba na musun ana samun kafa. A Maris na 2024 an gano wata ƙofar sirri da aka cusa a manhajar xz. Amma wa ya gano ta? Injiniya ɗaya, Andres Freund, wanda ya ga kwamfutarsa na ɗan jinkiri, ya bi diddigi domin rubutun a buɗe yake. A Mayun 2017 kuwa cutar WannaCry ta tsayar da asibitoci a Ingila ta hanyar Windows ɗin da ba a sabunta ba. A nan ne hankalina yake tashi, domin wanda duk ya san shagunanmu ya san Windows ɗin da aka fi ɗora wa mutane ba na lasisi ba ne. Fasasshe ne, ba wanda ya san abin da aka cusa a cikinsa.

Zargin da ya fi yi mini ciwo shi ne wai ƙiyayyar kamfanoni ce ta ɗebe mu. Ba mu ne muka fara faɗan nan ba. A 2001 shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya kamanta Linux da cutar daji. Faɗan ma har gida ya same mu. A 2007 Najeriya ta yi odar ƙananan kwamfutocin Classmate guda 17,000 domin makarantu, ɗauke da Linux na kamfanin Mandriva na Faransa. Ana cikin haka sai labari ya fito cewa za a goge shi a sa Windows, har shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa Ballmer buɗaɗɗiyar wasiƙa. Microsoft ta ce ba ta saɓa doka ba, asusun gwamnati da ke biyan kuɗin mafi yawansu kuma ya ce Mandriva yake so. Me ya sa kamfani mai wannan ƙarfi zai damu da kwamfutar ɗan makaranta? Domin abin da yaro ya saba da shi a aji, shi zai nema idan ya zama babban sakatare. Daga baya Microsoft ɗin da kanta ta sayi GitHub, matattarar masu buɗaɗɗiyar manhaja, a kan dala biliyan 7.5 a 2018, IBM kuma ta sayi kamfanin Linux na Red Hat a kan dala biliyan 34 a 2019.

Batun cewa ɗalibai ba za su samu aiki ba saboda ofisoshi Word suke so, gajeriyar amsa gare shi. LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel, yana kuma adana su a sigarsu. Yarinyar da ta iya buga wasiƙa da lissafi a ɗaya, 'yan kwanaki sun ishe ta ta saba da ɗayan.

Inda Alhaji yake da gaskiya shi ne ƙarancin masu gyara. Idan Linux ya rikice a Miga, ba lallai a samu mai warware shi nan kusa ba. Amma maganin wannan horo ne, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse, ga cibiyar koyon kwamfuta ta Kazaure, suna yaye matasa kowace shekara. Kuma lokaci ya ƙure. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa ba ya karɓar yawancin tsofaffin injuna. Ko dai makarantunmu su sayi sababbi da kuɗin da ba su da shi, ko su ci gaba da fasasshen Windows, ko a raya na hannu da Linux. Roƙonmu ga hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma shi ne ta ba mu ɗakin kwamfuta ɗaya na zango guda, Alhaji kuma ya turo yaran shagonsa mu koya musu ɗorawa da gyara, domin gobe su ne za a kira.